Filashin Mijin Yaya

Inna,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar taki, ya Baba da Auta? Ina lafiya a nan gidan Yaya, ina cin abinci, kada ki damu.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Kwana uku mijin Yaya yana fama da kwamfutar wani malami a shagonsa. Ta ƙi tashi da filashin da yake sa wa kwamfutoci sabuwar manhaja. Ya gwada duk ramukanta, ya hure su, ya kwance bayanta. Malamin kullum yana bakin ƙofa, ya ce zai kai ta wani shago.

Inna, ni ce. Wayata ce ta cika, na ɗauki filashin in adana hotunanku. Da na sa shi a kwamfutar gida, ta yi mini tambaya da Turanci, na danna eh, tunda kin hana ni gardama da wanda ya fi ni karatu. Ashe cewa ta yi za ta goge komai da ke cikin filashin.

Ba zan iya faɗa wa mijin Yaya ido da ido ba. Na rubuta a takarda. Gobe zan sa ta ƙarƙashin kofin shayinsa, in tafi can ƙuryar gida da wanki mai yawa.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki