A Ba Ni Shaidar Cewa Ruwan Ya Taɓa Zuba

Zuwa ga mai girma Magajin Garin kwaminmu, shugaban ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da rubutuna. A aji huɗu ni da lakwal muka rabu, kowa ya huta.

Bakina ne ya jawo mini. Shekara da shekaru ina cika wa 'yata Zuwaira kunne da labarin kufan tsohon birnin da ke bayan ƙauyenmu: guntun ganuwa, kurmin tsamiya, da dutsen da ruwa ke zubowa daga kansa da damina, sai ka ɗaga murya na kusa zai ji ka. Da aka ce musu a makaranta su rubuta wuri mai kyau a ƙasarsu, wannan ta rubuta. Mushensu, wato malaminsu, ya ba ta maki biyu bisa ashirin, ya ce Damagaram ba ta da irin wannan ruwa sai a bakin ubanta. Na rantse sai na nuna mata.

Na ɗaya: mun je tsakiyar daminar bana, washegarin ruwa mai yawa, kabu-kabu jika uku. Babu kurmi. An fasa rabin dutsen, manyan motoci kamyo biyu na lodin tsakuwa, ruwan yana bin sawun taya.

Na biyu: ƙasar ganuwar an kwashe an buga tubali. Abin da ya saura bai kai ƙuguna ba, ni kuwa gajere ne.

Na uku, kada a ce na ɓoye: mai lodin ya gane ni. Tsakuwar da na saya bara na daɓe makewayi daga nan ta fito. Har ragi na roƙa.

Ban yi fushi ba, tsayawa kawai na yi. Zuwaira ta dubi ramin, ta dube ni, ta ce ba komai, mu koma kafin rana ta yi zafi. Tun ranar, da na fara ba da labari sai ta tashi wanke kwanuka.

Roƙona biyu. A tsayar da fasa rabin da ya saura. Kuma a ba ni takarda mai hatiminka cewa ruwa ya taɓa zuba a wurin nan. Tsofaffin da suka yi wanka a ciki suna nan, a tambaye su tun suna da rai.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa 'ya'yanka su gaskata ka. Na yi azumi uku na kaffarar rantsuwa. Wannan na Allah ne. Na yarinyar yana kaina, ban san da me zan biya ba.

Wassalam.

Illiya mai gyaran keke, Damagaram