Nas Ɗin Ɗakin Baya

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ma alhamdulillahi, sai tarin nan da ya ƙi sakina.

Nas ɗin da na ba hayar ɗakin baya ta ishe ni. Wata huɗu ke nan ba ta taɓa tako ƙofata ba. Daga bakin famfo take ɗago min hannu, kamar mai tsayar da mota. Shekaranjiya na miƙa mata kujera, ta ja da baya ta ce, "A'a Baba, na gode." Ƙyamata take yi, ba wani abu ba. Na rubuta mata takardar tashi, ƙarshen wata zan ba ta.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Ina gaishe ka, ya jikin? Gidanka ne, ba ni da ta cewa. Sai dai na san ka da saurin hawa, don ni ma a wurinka na gada. Kafin ka miƙa takardar, don Allah ka tambaye ta dalili. Tambaya fa na ce, Baba, ba faɗa ba. Idan amsar ba ta yi maka ba, ai takardar tana nan.

A huta lafiya.
Autarka

Auta,

Ina gaisuwa. To, na tambaya. Na tare ta ta dawo daga aiki, na ce, "'Yata, wai me na yi miki?"

Ta ce, "Baba, a sashen masu tarin fuka nake aiki. Tun ranar da na tare na ji yadda ƙirjinka yake, na ce ba ni zan kwaso maka wani abu ba. Sai na yi wanka na sauya kaya nake yarda da kaina, lokacin kuma ka shige ɗaki."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce gida biyu aka tashe ta da aka ji inda take aiki. Tana magana idonta na kan takardar da ta leƙo daga aljihuna. Na ce mata takardar magani ce. Na san ba ta yarda ba, amma ta rufa min asiri. Tana shiga ɗaki na yage ta.

Ki gai da yara.
Babanki

Yaya,

Assalamu alaikum. Ba ki san ni ba, ni ce nas ɗin da ke haya a gidanku. Baba ne ya ba ni adireshinki.

Na lallaɓa shi mun je asibiti an duba ƙirjinsa. Ba abin tsoro ba ne, an ba shi magani. Sai dai a kan layi ya sa wani tsoho gaba da tambayoyi, daga ina yake, wa ya rako shi, har aka kira sunan Baba sau uku bai ji ba.

Ki kwantar da hankalinki, ina lura da shi.
Ƙanwarki ta ɗakin baya