Ba a Gaya wa Iya Ba

Iseyin, 4 ga Mayu, 1987

Yaya Lanre,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Bayan haka, wallahi na gaji. Yau kwana talatin da binne ƙaninmu Gbenro a Fatakwal, Iya ba ta sani ba, kuma ni kuka bari da ita. Kai kana Ibadan kana ba da umarni, ni ce nake kallon tsabar idonta ina cewa aiki ne ya riƙe shi. Jiya ta ce, "Morenike, ko 'yar takarda ba zai aiko ba? Ba ni na haife shi ba?" Na zaga bayan ɗaki na sha kukana. Ka ba ni izini in gaya mata.

Ƙanwarka,
Morenike

Ibadan, 11 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Morenike,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso. Ban ba ki izini ba. A gidanmu ba a gaya wa tsohuwa ɗanta ya riga ta gidan gaskiya sai dattawa sun taru, kuma Kawu Adisa bai warke ba tukuna. Kin san hawan jinin Iya. Ke tun kina ƙarama abu kaɗan yake sa ki hawaye, kina ɗauka shi ne tausayi. Mai tausayi shi ne wanda ya iya riƙe bakinsa. Allah ya ba ki haƙuri.

Yayanki,
Olanrewaju

Iseyin, 19 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Wato ni ce ban san tausayi ba? To ji abin da naka ya haifar. Iya ta cire sunan Gbenro daga addu'arta ta asuba. Ranar Juma'a, a gaban maƙwabta, ta ce in bai zo kafin Sallah ba za ta kama nonon da ya sha ta yi masa baki. Maƙwabtan duk sun san ya rasu, kowa ya sunkuyar da kai. Don girman Allah ka zo.

Morenike

Ibadan, 24 ga Mayu

Morenike,

Ina amsawa. Faɗan tsufa ne kawai, ki lallashe ta. Ina nan tafe bayan Sallah tare da Kawu. Ki gaishe ta.

Yayanki

Iseyin, 30 ga Mayu

Yaya,

Barka da Sallah. Ban jira ka ba. Ranar jajibiri ta fito tsakar gida ta fara kwance zaninta don ta yi masa bakin, sai na riƙe hannunta na gaya mata. Ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ranar da ya rasu, na faɗa. Ta ce, "Kusan wata biyu ɗana yana kwance yana jiran addu'ata, ni kuwa ina nan ina zaginsa."

Tun daga nan ba ta sake kallona ba. Magana ɗaya ta ƙara: in gaya maka kada ka zo.

Ka huta lafiya.
Morenike