Tumbin da Na Gina wa Delbert da Hannuna

Anti Verna, ki taimake ni don girman Allah.

Mijina Delbert ya yi shekara talatin da ɗaya a ƙarƙashin ƙasa yana haƙar kwal, taba kuwa kamar da ita aka haife shi. Shekara huɗu ke nan likita ta ce huhunsa ya lalace, ciwon nan da suke kira emfisima. A ranar ya yar da taba, ni kuma na ɗaura ɗamara. Kin san mu a tsaunukan West Virginia ta Amurka, idan mahaƙi ya fara ramewa sai a fara neman masu ɗaukar akwatin gawa. Haka mahaifina ya tafi, ƙashi da rai. Na rantse Delbert ba zai rame a hannuna ba. Da safe biskit da romon tsiran alade, da rana wake da burodin masara, in sha'awar taba ta motsa sai na tura masa kek da lemon kwalba. Matan cocinmu ma ba a bar su a baya ba, wata cikinsu mai suna Wanda Faye ita kaɗai kwano biyu take kawowa duk mako. Sau uku na sake masa wando saboda ƙiba, ina ta yi wa mata kuri!

Ranar Talata aka sa shi ya busa cikin bututun gwajin numfashi, aka ga ƙarfin numfashinsa ya ragu ƙwarai a kan na bara. Likitar ta ce tumbi da hawan jini da sikari da kitsen jini sun haɗe masa kai, tumbin kuma yana tokare huhun daga ƙasa. Tumbin da na gina da hannuna! Gogan naki kuwa dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, wai kwal ya bar shi, girkin tsohuwa zai ƙarasa shi. Wasa yake yi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Yanzu matakala ukun baranda ma sai ya huta a tsakiya. In rage abinci ya rame, in ci gaba in shaƙe shi. Kuma da wane baki zan ce wa Wanda Faye ta daina?

Wadda ta rasa tudun dafawa

'Yar'uwa, share hawayenki. Abin da kika gani ga mahaifinki gaskiya ne, muguwar rama haɗari ce ga mai wannan ciwo. Gudun gara kika yi kika tadda zago. Amma kwal da taba ne suka ɓata huhun, kuma ba ɗure kika yi wa Delbert ba, da hannunsa ya ɗauki cokali.

Kada ki sa shi yunwa don huce takaici. Ku koma wurin likitar ta haɗa ku da mai tsara abinci da masu koyar da motsa jiki ga masu ciwon huhu. Lemon kwalba dai ya bar gidan yau.

Wanda Faye kuwa ki gaya mata gaskiya yadda kika gaya mini. Mai kawo kwano biyu don ƙauna ba za ta ƙi kawo dafaffen ganye ba.

Abu ɗaya ne ba ki tambaya ba: shekara huɗu tukunya ɗaya kuke ci. Ranar da za ku koma asibiti, ke ma ki miƙa hannu a auna ki, domin Delbert ba shi da wata sai ke.

Allah Ya buɗe masa ƙirji, Ya sanyaya zuciyarki.

Anti Verna