Waƙar Niƙan Hajjo Ta Dawo Gida

Zuwa ga yayana Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, ya kai da ka riga mu gidan gaskiya. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina sanar da kai Umma tana nan lafiya sai ciwon gwiwa, kuma har yau 'yan council, hukumar unguwa, ba su gyara mana lif ɗin benenmu na Woolwich a nan Ingila ba. Na san ba za ka karanta wannan ba. A fili na rubuta, don abokan kiɗanka su gani, su da masu tafa musu.

Raina a ɓace yake, Yaya. Bari in fara daga farko saboda masu leƙe da ba su san ka ba.

Kai ne Bahaushen da ya rungumi jita ya faɗa doom metal, kiɗan nan mai nauyi da jan ƙafa, wanda in aka kaɗa tsirkiya ɗaya sai mutum ya sha ruwa ya dawo ba ta gama kuka ba. Umma tana ce masa kiɗan aljanu, ba ta taɓa yarda ta saurara ba. Ni kuwa ina tsokanarka cewa injin markaɗe ya fi ku sauri.

Kai ka koya mini cewa masu kiɗan nan ba sa kunyar kwaikwayo. Duk daga tsofaffin makaɗan Ingila suke ɗiba, waɗanda suka faro abin tun kafin a haife mu. Irin wandonsu mai faɗin ƙafa suke sawa, irin gashinsu suke tarawa, har tsofaffin amfilifaya, akwatunan ƙara sautin jita, suke nema ido rufe don sautinsu ya yi tsufa. In aka ce wa mutum kiɗansa sak na wane, har kunne zai washe baki. Nakan ce maka kama da wane ba ta wane, kai kuma ka ce ai ba ka ce ta wane ba ce, aro ka yi, kuma mai aro ya san ƙofar da zai mayar.

Shi ya sa ka ɗauki al'adar nan da ta zama tambarinka. Kafin kowace waƙa sai ka tsaya ka faɗi daga wa ka ɗauko wannan salo, shi kuma daga wa ya ɗauka, kamar malami yana jero malamansa. Turawa suna dariya suna ihun a fara, ba ka taɓa fasawa ba. Cewarka: wanda ya ɓoye malaminsa ɓarawo ne mai haƙuri.

Waƙa ɗaya ce a cikin naku ba daga tsofaffin nan ta fito ba. Ka tuna lokacin da kakarmu Hajjo ta zo daga gida a yi mata aikin ido. Tana zaune a kicin, hannu bisa gwiwa, tana kai gaba tana komowa kamar dutsen niƙa na gabanta, tana rera waƙar da take yi tun tana budurwa. In ta kai ƙarshen baiti sai ta yi shiru, daidai lokacin da mai niƙa ke janyo ɗan dutsen ta share gari. Ka zauna a ƙasa kusa da ƙafarta da jitarka, ba ka jona wuta ba, kana bin ta a hankali. Ta ce da kai: “Kai ɗan nan, dutse ba ya gaggawa.”

Ka sassauta tsirkiyoyin har suka yi ƙasa da murya, ka bar shirun nan yadda yake. Duk inda kuka buga ta, sai ka ce ta Hajjo ce, kakarka, manaƙiya. Ita kaɗai ce waƙarku da mutane ke daina shan abin da ke hannunsu su saurara.

To, ga abin da ya faru. Bayan rasuwarka ƙungiyar kiɗanku ba ta watse ba. Bashiru, ɗan zangon Kumasi da ke buga muku ganga, yana nan. Suka kawo wani Kieran a gurbinka, dogo mai gashi har gadon baya. Watan jiya suka yi booking ɗin wani ɗakin kiɗa a Catford, ran Lahadi da la'asar, wai taron tunawa da kai kafin su fitar da faifai. Bashiru ya roƙe ni aron amfilifayarka, na ba shi da zuciya ɗaya. Na yafa mayafina, na cusa auduga a kunne, na je.

Da farko har na yi ƙwalla, domin sun riƙe al'adarka. Kafin kowace waƙa Kieran ya tsaya ya jero sunayen tsofaffin, yana dafe ƙirji kamar mai ambaton iyayensa. Ba wanda ya manta, har da masu jitar da faifansu ɗaya tal a duniya.

Sai aka zo kan ta Hajjo. Ya gyara gashi ya ce wannan kam tasu ce tsantsa, ba su ɗauko a wurin kowa ba, haka kawai ta sauko musu wata rana suna gwaji. Sun ma sauya mata suna, wani abu mai mayu da kaburbura. Hajjo da ba ta taɓa barin walaha ba! Na dubi Bashiru, wanda ya ci tuwon hannunta a kicin ɗin nan, sai ya sunkuyar da kai yana gyara sandunansa.

Yaya, ka ji fa. Mutanen da suka haddace sunan kowane tsohon Bature mai jita, sunan tsohuwa ɗaya ya yi musu nauyi a baki. Abin da suka kwafa ƙiri-ƙiri sun yi godiya a kansa, abu ɗaya da ba irinsa a wurin kowa, shi suka ce nasu ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Da suka fara, sai na ji sun cike shirun nan da ruguguwar ganga, don ba su san me yake yi a wurin ba.

Ka san ni da zuciya. Na kutsa gaba, na hau dandamalin, na zare wayar amfilifayarka daga bango. Na faɗa musu da Turanci, da ƙarfi, sunan mai waƙar da sunan wanda ya ɗora ta a jita.

Ka san me 'yan kallo suka yi? Tafi suka yi mini. Sun zaci cikin shirin ne. Wata ma ta biyo ni tana yaba mayafina. Wannan tafin ya fi satar ƙona mini rai.

Bashiru ne ya ɗauko amfilifayar ya sa mini a tasi, bai iya haɗa ido da ni ba. Bayan kwana biyu ya aiko cewa sun yarda su rubuta “ta gargajiya” a bangon faifan. Na ce masa Gargajiya ba sunan kakata ba ne. Na ba su zaɓi: su sa sunanta da naka, ko su bar ta. Suka yi shawara, Bashiru kaɗai ya ce a sa. Sauran suka ce hakan zai nuna ba su ƙirƙiri komai ba, suka cire waƙar ɗungurungum. Sun gwammace su binne ta da su faɗi mai ita. Allah wadaran naka ya lalace.

Amfilifayar tana falo yanzu. Umma ta shimfiɗa mata ƙyalle ta ɗora flask a kai, ka san halinta.

Shekaranjiya da hantsi ina wanke-wanke, kewarka ta dame ni, na kunna waƙar a wayata, wadda ka buga da hannunka. Na rage sauti don kada Umma ta yi faɗa. Sai na ji motsi a bayana. Tana tsaye a ƙofar kicin, ta dafa bango. Da jitarka ta kai wurin shirun, sai Umma ta ja numfashi, ta ɗora baitin gaba da muryarta, kalma bayan kalma. Ashe duk shekarun nan ba ta san abin da kake bugawa ba. Ta sa na maimaita, ta zauna a kujerar da Hajjo ke zama, tana kai gaba tana komowa, hawaye na bin fuskarta. Ta ce: “Ashe uwata yaron nan ke ɗauke da ita yana yawo, ni ina zaginsa.”

Da ta share ido ta ce in gyara maka kuskure ɗaya. Waƙar ba Hajjo ta ƙirƙira ba. A wurin gwaggonta Inna Tamadi ta koya, kuma can gida ba ta taɓa rerawa ba sai ta ce Allah ya jiƙan Tamadi. Ka ga inda ka gado halin. Na ƙara maka sunan a jerin malamanka, yayana, na san da kana nan da shi za ka fara.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Allah ya jiƙan Hajjo, ya jiƙan Tamadi, da duk wadda Tamadi ta ji a bakinta. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ƙanwarka mai tsokanarka,
Rukayya