Ka Zo Inna Ta Gan Ka da Idonta

Assalamu alaikum Yaya Ikrima,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Barakatu da yara. Allah ya ƙara tsare mana kai a wannan aiki naka. Mu nan Daura da godiya, an gama yankan gero a gonar Sandamu, ƙafar Kawu Audi ma ta yi sauƙi. Inna ce ba lafiya, saboda ita na ɗauki biro.

Tun ranar da aka faɗa a rediyo cewa wani jirgi mai saukar ungulu ya faɗa teku, ba a ga gawar ko mutum ɗaya ba, Inna ba ta sa loma a baki sai da faɗa. Mun rantse mata ba naku ba ne, na wata ƙasa ne. Kawu ya zaunar da ita, ya ce kai hafsan sojan ruwa ne, kai ke duba na'ura kana nuna wa matuƙi hanya, ba ka ɓata. Ta ce wace irin hanya ce a kan ruwa, ba bishiya, ba ƙauyen da za a tsaya a yi tambaya? Wallahi Yaya, ni ma iyakar ruwan da na sani dam ɗin Daberam ne. Ta ce ba mutuwa take tsoro ba, tsoronta a rasa abin da za a yi wa wanka da sutura.

Saƙon da ka aiko Kalilu direba da shi, cewa kuna atisaye sai bayan salla, bai shige ta ba. Wai haɗa baki muka yi muna ɓoye mata. Ta rame, ko buta sai an ɗaga mata. Ban ce ka bar aikinka ba, na san wahalar da ka sha kafin ka kai nan. Amma don girman Allah ka roƙi manyanka, ko yini ɗaya ne. Tsoro nake ji, Yaya.

Kawu da Hasana da Auta suna gaishe ku, a shafa min kan yara.

Ka san kai ɗan fari ne, tunda na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakin Inna ba, sai dai “yaron nan”. Jiya da hantsi jirgi ya gifta ta saman gida, ta fito tsakar gida ba ɗankwali, a gaban surukai, tana ƙwala maka kira da sunanka. Ka zo.

Ƙanwarka,
Haulatu