Wutar da Ta Ci Rumfar Ƙosaina

Daga ƙanwarka Hajara a Birnin Kudu, zuwa ga Yaya Sule.

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya iyali, yaya zaman baƙunta? Mu lafiya lau, Inna ma ƙafarta da sauƙi.

Kada fatake su riga ni ba ka labari su tayar maka da hankali. Ranar kasuwa ina tuyar ƙosai, mai ya yi zafi, wuta ta kama cikin kasko. Kafin in rufe shi, wani mutumin Gwaram, wai taimako, ya kwarara masa ruwan butarsa. Yaya, sai wutar ta tashi har rufin rumfa, ga Inna zaune a ciki! Na goya ta na fito da gudu. Maƙwabta suka yaye zana, suka yi ta watsa ƙasa har wutar ta mutu. Rumfata kaɗai ta ci, alhamdu lillahi.

Yanzu a fili nake tuya, da ƙwaryar yashi kusa da murhu. Bawan Allahn nan ya kawo mini ciyawar sabon rufi, yana ta ba da haƙuri. Na yafe masa, amma sai ya ajiye butarsa can nesa nake zuba masa ƙosai.

Inna tana sa maka albarka. Ka gai da mutanen gida, a sa mu a addu'a.